DARASIN LISSAFI: KWABO NAWA NE CIKIN JAKA ƊAYA?

A darussan da su ka wuce mun koyi rubuta lamba daga 1 har zuwa 1,000. Mun kuma koyi tarawa, da ɗebewa, da sau, da rabawa. Yau za mu ɗauki babbar lamba guda ɗaya mu dudduba ta, kamar yadda mai sayen sa ya ke yi a kasuwar Shinkafi. Ya kan duba haƙori, ya duba ƙafa, ya taɓa tozo, sa'an nan ya yi tayi. Lambar da za mu duba ita ce 24,000.

Mutane da yawa in sun ga lamba mai tsawo a takarda sai gabansu ya faɗi, su miƙa wa wani ya karanta musu. Wanda ya ke yin haka kuwa ya ba wani ajiyar aljihunsa ke nan. Babbar lamba ba dodo ba ce. Da ƙananan lambobi a ka gina ta, waɗanda kun riga kun sani.

1. Inda mu ka samo lambar

Kafin shekarar 1973 ba a san naira ba. Da fam da sule da kwabo a ke ciniki. Dattawan da ke cikin aji za su tuna da kwabo mai huda a tsakiya. Ga yadda kuɗin su ke:

anini 10, kwabo ɗaya
kwabo 3, taro
kwabo 6, sisi
kwabo 12, sule ɗaya
sule 20, fam ɗaya
fam 100, jaka ɗaya

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta biyo ta Gusau, ta iso Ƙaura Namoda cikin 1929, nan ta tsaya. Manoman wajen Zurmi da Shinkafi da Moriki su kan kawo gyaɗarsu a sayar, a ɗora wa jirgi. A zamanin nan in an ce wane ya sami jaka guda, an san ba ƙaramin mutum ba ne.

To, kwabo nawa ne cikin jaka ɗaya? Ku ɗauki alli. Kwabo 12 sau 20, kwabo 240 ke nan, watau fam ɗaya. Kwabo 240 sau 100, kwabo 24,000. Ga lambarmu ta fito.

2. Yadda a ke karanta ta

Kowace lamba tana da gidaje, ana ƙirga su daga dama zuwa hagu. Gida na farko na ɗaiɗai ne, na biyu na goma-goma, na uku na ɗari-ɗari, na huɗu na dubu-dubu, na biyar na dubu goma-goma.

Cikin 24,000 ga 2 a gida na biyar, watau dubu ashirin. Ga 4 a gida na huɗu, watau dubu huɗu. Sauran gidaje uku ba kowa ciki, sai a ka sa sifiri ya tsare kowane. Waƙafin nan da ku ke gani ba lamba ba ne. Yana raba dubbai da ɗaruruwa ne don ido ya huta.

Kada ku raina sifiri. Shi kaɗai ba kome ba ne, amma shi ya ke riƙe wa sauran mazauninsu. Ku duba:

240 kwabo ne na fam ɗaya
2,400 kwabo ne na fam goma
24,000 kwabo ne na jaka ɗaya
240,000 kwabo ne na jaka goma

In a ka goge sifiri ɗaya daga takardarka, an ɗebe maka kashi tara cikin goma na kuɗinka. In kuwa takardar bashi ce a ka ƙara mata sifiri ɗaya, bashinka ya ninka sau goma. Saboda haka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ƙirga gidajen lambar tukuna.

Akwai kuma wani tarko a bakinmu na Hausa. In mutum ya ce "dubu ashirin da huɗu", mai ji yana iya ɗauka dubu ashirin ne da ƙwaya huɗu, watau 20,004. Masu hankali su kan ce "dubu ashirin da dubu huɗu" in 24,000 su ke nufi, su ce "dubu ashirin da guda huɗu" in 20,004 ne. Tsakanin biyun nan akwai 3,996. Rubutu da lamba ba shi da wannan ruɗani, domin kowa yana gidansa. Mutanen dā su kan ce zambar maimakon dubu. In kun ji tsoho ya ce zambar ashirin da huɗu, lambarmu ya ke nufi.

3. Yawanta

In mutum ya zauna yana ƙirga kwabo ɗaya kowane sakan, ba ya tsayawa ko shan ruwa, zai yi sakan 24,000. Sakan 60 ne minti ɗaya, sai ya zama minti 400, watau awa shida da minti arba'in. In ya fara da ƙarfe bakwai na safe, sai ƙarfe biyu saura minti ashirin zai gama.

In kuwa yaro yana jefa kwabo ɗaya a asusu kullum tun ran da a ka haife shi, sai ya wuce shekara 65 kafin ya cika jaka.

Kakanninmu sun saba da irin wannan ƙidaya tun zamanin wuri. Wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, mai suna Barth, ya sauka Tasawa, gabas da Maraɗi, cikin 1851. Ya ga ana ɗura wuri 20,000 a buhun kaba ɗaya, amma ba mai yarda ya karɓa sai ya ƙirga da hannunsa. Biyar-biyar su ke jan wurin, suna tara shi tsibi-tsibi, wani na ɗari biyu, wani na dubu. Dabararsu ke nan, su karya babban abu ya zama ƙanana. Mu ma ita za mu bi, sai dai mu a allo za mu yi.

4. Cika ko mara

Abu na farko da a ke tambaya game da kowace lamba shi ne, cika ce ko mara? Lamba cika ita ce wadda mutum biyu za su raba daidai ba saura, kamar 2, 4, 6, 8. Mara ita ce wadda in an raba biyu sai ɗaya ya yi saura, kamar 1, 3, 5, 7. Waɗanda su ka yi karatun allo sun san su da shafa'i da wutiri.

Ba sai ka raba ba kafin ka sani. Dubi wutsiyar lambar kawai. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce kome tsawonta. In ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9, mara ce. Dalili kuwa, goma da ɗari da dubu duk suna rabuwa biyu. Gidan ɗaiɗai ne kaɗai zai iya kawo cikas. Lambarmu ta ƙare da sifiri, saboda haka cika ce. Rabinta 12,000.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda a ke kira Alkashinawi, ya rubuta littafi da Larabci cikin 1732 bisa yadda a ke jera lambobi a gidajen hatimi, har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Ya yi bayanin hatimai masu layi mara, irin su uku-uku da biyar-biyar. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741.

5. Alamun rabo

Rabon kuɗi ya sha raba 'yan'uwa. Sau da yawa ba zalunci ke jawo rigimar ba, rashin sanin lissafi ne. Akwai alamu da za su gaya maka tun kafin a fara rabo ko abin zai fita daidai.

*Mutum biyar ko goma.* In lamba ta ƙare da 0 ko 5, biyar za su raba ta. In ta ƙare da 0, goma ma za su raba. Cikin 24,000 mutum biyar kowa ya sami 4,800, mutum goma kowa 2,400.

*Mutum uku.* Tara lambobin da ka gani a rubuce. A nan 2 da 4 shida ne, sifiri ba ya ƙara kome. Uku tana raba shida, saboda haka za ta raba 24,000. Kowa ya sami 8,000. Me ya sa haka? Goma tara ce da ɗaya. Ɗari 99 ce da ɗaya. Dubu 999 ce da ɗaya. Uku tana raba 9 da 99 da 999. Abin da ya rage shi ne ɗaiɗain nan, su ne kuwa ka tara.

*Mutum tara.* Hanyar ɗaya ce, sai dai jimlar ta zama wadda tara ke rabawa. Tara ba ta raba shida. Don haka mutum tara kowa zai sami 2,666, shida su yi saura. Ku lura, sauran daidai ya ke da jimlar da mu ka samu.

*Mutum huɗu ko takwas.* Don huɗu, dubi gidaje biyu na ƙarshe. Don takwas, dubi uku na ƙarshe. In sifiri ne duka, ko kuwa lamba ce mai rabuwa, an gama. Mutum huɗu kowa 6,000, mutum takwas kowa 3,000.

*Mutum shida.* Abin da biyu ta raba, uku kuma ta raba, shida za ta raba. Kowa 4,000.

*Mutum bakwai.* Bakwai ba ta da alama mai sauƙi, sai an zauna an raba. Kowa zai sami 3,428, huɗu su yi saura.

Misali, manoma bakwai na Zurmi sun haɗa kai sun sayar da hatsi naira 24,000. Kafin a buɗe jaka, wanda ya yi wannan darasi zai ce musu, "'Yan'uwa, kowa naira 3,428 zai samu, naira huɗu za su rage. Mu yanke abin da za a yi da su tun yanzu." Da haka ba wanda zai koma gida yana zargin wani.

6. Tubalan lamba

Magini ba ya ɗauko katanga a haɗe. Tubali ya ke jerawa bisa tubali. Lambobi ma haka su ke. Akwai waɗanda ba a iya raba su daidai, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kuwa a ba kowa ɗaya-ɗaya. Ga na farkonsu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. A ajinmu za mu kira irinsu gagara-rabo. Ba a sa 1 cikinsu. Duk sauran lambobi masu rabuwa ne, kuma da gagara-rabo a ka gina kowacce.

Bari mu rushe 24,000 mu ga tubalanta. Mu yi ta raba ta biyu:

24,000, 12,000, 6,000, 3,000, 1,500, 750, 375

Sau shida mu ka raba. Yanzu 375 mara ce, biyu ba za ta ƙara shiga ba. Mu gwada uku: 3 da 7 da 5 goma sha biyar ne, uku za ta shiga. Mun sami 125. Mu raba da biyar, 25. Mu sāke, 5. Mu sāke, 1. An kai ƙasa.

Ashe tubalan 24,000 guda goma ne: biyu guda shida, uku guda ɗaya, biyar guda uku. Ga su a jere:

2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 5 × 5 × 5 = 24,000

Ta kowace hanya ka fara rushewa, tubalan nan za ka tarar, ba ƙari ba ragi. Yanzu kun ga dalilin da ya sa bakwai ta kāsa, babu 7 cikin tubalan. Tara ma ta kāsa domin 3 sau 3 ce, nan kuwa uku guda ɗaya ce tak.

Duk lambar da za ka iya haɗawa daga tubalan nan za ta raba 24,000. Ɗauki biyu guda huɗu, 16, za ta raba. Ɗauki 3 da 5 da 5, watau 75, za ta raba, kowa 320. In an ƙirga su duka, har da 1 da ita kanta lambar, guda 56 ne. Ƙananansu su ne 1, 2, 3, 4, 5, 6, 8, 10, 12, 15, 16, 20, 24, 25, 30.

Ga abin mamaki. Ƙara kwabo ɗaya bisa jakar, ta zama 24,001. Wannan gagara-rabo ce. Ba biyu, ba uku, ba ɗari, ba wanda zai raba ta daidai. In kuwa ka ɗebe kwabo ɗaya ta zama 23,999, tubalanta biyu ne kurum, 103 da 233. Maƙwabta ne ƙofa da ƙofa, amma hali ya sha bamban. Gagara-rabo ba su da iyaka, kome nisan ƙidaya za a tarar da wata gaba. Wani masani mai suna Iƙilidis, wanda ya zauna Iskandariya ta Masar, ya tabbatar da haka fiye da shekara dubu biyu da su ka wuce.

7. Waɗansu ajujuwa biyu

Masana suna da waɗansu hanyoyi na kasa lambobi aji-aji. Za mu ga biyu.

Na ɗaya, murabba'i. In ka shuka rami biyar a layi, ka yi layi biyar, ka sami 25, tsawo daidai da fāɗi. Irin su 4, 9, 16, 25 da 100 a ke kira murabba'i. Shin 24,000 tana cikinsu? Layi 154 mai rami 154 ya ba da 23,716, bai kai ba. Layi 155 mai rami 155 ya ba da 24,025, ya wuce da 25. Ba ta ciki ke nan.

Na biyu, a kan tara dukan masu raba lamba, ban da ita kanta, a gwada da ita. Masu raba 6 su ne 1, 2, 3. In an tara, 6 daidai. Irin wannan a ke kira kammalalliya, 28 ma haka ta ke. Masu raba 8 su ne 1, 2, 4, jimla 7, ba ta kai ba. Wannan kāsasshiya ce. Masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16, ta zarce. Wannan mai yalwa ce. Lambarmu fa? Tara uku kawai daga cikin manyan, 12,000 da 8,000 da 6,000. Sun ba da 26,000, tun nan an wuce. In an tara duka 55 ɗin, 55,248 ne. Mai yalwa ce ƙwarai.

8. Amfanin wannan a gida

Malaman da su ka san rabon gado suna da lambobi bakwai da su ke fara lissafi da su: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Babbarsu ita ce 24, domin ita ce ƙaramar lambar da takwas da shida za su raba gaba ɗaya. A ce mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da uba, da ɗa namiji ɗaya. Bayan an fid da bashi da wasiyya, naira 24,000 su ka rage. Mata tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, 3,000. Uwa tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, 4,000. Uba ma 4,000. An fid da 11,000, sauran 13,000 na ɗa ne. Yanke rabon gado aikin alƙali ne da malamai. Amma magajin da ya iya lissafi zai bi su da allonsa, ya koma gida hankalinsa kwance.

Ran 1 ga Janairu 1973 a ka canja kuɗi. Fam ɗaya ya zama naira biyu, naira ɗaya kuwa sabon kwabo ɗari. Jaka ta koma naira 200, watau sabon kwabo 20,000. Ku rushe wannan da kanku. Za ku sami biyu guda biyar, da biyar guda huɗu, babu uku ko ɗaya. Masu raba ta 30 ne kurum. Mutum uku in sun raba ta kowa 6,666, biyu su yi saura. Tsohon kuɗi ya fi daɗin rabo, sabo ya fi sauƙin ƙidaya, domin goma-goma ya ke tafiya kamar gidajen lamba.

Yanzu da wuya a ga kwabo a kasuwa, amma lamba ba ta tsufa. Ko naira ce, ko tiyar gero, ko damin dawa, 24,000 halinta ɗaya ne. Abin da ku ka yi mata yau kuna iya yi wa kowace lamba.

Abin tunawa

Ƙirga gidajen lamba kafin ka yarda da ita. Dubi wutsiyarta don biyu, da biyar, da goma. Tara lambobinta don uku da tara. In kana son sanin asalinta, rushe ta har ka kai ga tubalai. In za a yi saura, faɗa tun ba a fara rabo ba.

Aikin yi

1. Rubuta da lamba: dubu talatin da dubu shida, dubu talatin da guda shida.
2. Sule nawa ne cikin jaka ɗaya? Sisi nawa ne?
3. Waɗanne ne cika, waɗanne mara: 7,450, 18,003, 90,001, 56,778?
4. Ba tare da ka raba ba, faɗi ko mutum uku za su raba naira 25,000 daidai. Naira 18,750 fa?
5. Mutum tara sun sami naira 36,000. Za ta fita daidai? Nawa kowa zai samu?
6. Nemo tubalan 360.
7. Tsakanin 20 da 30 akwai gagara-rabo guda biyu. Nemo su.
8. Mata goma sha biyu suna adashi, kowacce tana zuba naira 2,000. Nawa mai kwasa za ta ɗauka?

Kowa ya yi aikinsa da kansa, ya kawo ranar aji mai zuwa. Wanda ya kakare ya tambayi na kusa da shi ko malamin aji. Mai tambaya ba ya ɓata.